Yadda Ake Haɗa Gahawa a Gida da Butar Dannawa

Wanda ya saba da kofin mai shayi, wato garin gwangwani ko na 'yar leda da ake zubawa a ruwan zafi ya narke nan take, yakan tsaya ya sake duban abin da ke hannunsa ranar da ya fara kurɓar gahawar da aka jiƙa daga ƙwayarta. Ƙamshin ba ɗaya ba ne, nauyinta a harshe ba ɗaya ba ne, kuma sau da yawa ba ta neman ko rabin sukarin da aka saba antayawa. Zan riƙa cewa gahawa a nan, in bar kalmar kofi ga mazubin da ake sha da shi, don kada magana ta rikice mana.

Cikin hanyoyin haɗa ta a gida, ban ga wadda ta dace da irin zamanmu kamar butar da ake sayarwa a kantuna da sunan French press ba. Ba ta neman lantarki, ba ta neman takardar tacewa da za a yi ta yawon saye duk wata, kuma in dai akwai gawayi ko gas ko risho da zai tafasa ruwa, to an gama. Ƙirarta mai sauƙi ce: doguwar kwalba ta gilashi ko ta ƙarfe mai mariƙi, da murfi, da sanda da ta ratsa tsakiyar murfin, a gindin sandar kuma akwai faifan raga da ya cika faɗin kwalbar daidai wa daida. Ni butar dannawa nake ce mata.

Sunanta ya jingina ta da Faransa, amma hannu fiye da ɗaya ne ya ƙera ta. Wasu Faransawa biyu, Mayer da Delforge, sun yi rajistar mai kama da ita a 1852, sai dai faifan tasu bai kama jikin butar sosai ba. A 1929 wani ɗan Italiya, Attilio Calimani, ya yi rajistar wadda ta fi kusa da ta yau. A 1958 kuma Faliero Bondanini ya fito da tasa, aka riƙa ƙera ta a wata masana'antar kayan busa da ke Faransa ana sayarwa da sunan Melior. Kamfanin Bodum na ƙasar Denmark yana cikin waɗanda suka watsa ta a duniya daga baya.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, wannan gahawa jiƙo ce. Duk wanda ya taɓa ganin an jiƙa tsamiya ko saiwar magani ya san abu uku ne ke aiki: yawan abin da aka jiƙa, yanayin ruwan, da daɗewar da aka bar shi ya yi. Sandar nan da ke ɗauke wa mutane hankali rariya ce kawai, aikinta ta tsare gari kada ya biyo ruwa zuwa cikin kofi. Na sha ganin masu danna ta da ƙarfi kamar ana matse mai daga tunkuza, a zatonsu dannawar ce ke fito da ɗanɗano. Kafin hannu ya taɓa sandar, gahawar ta riga ta yi kyau ko ta riga ta lalace.

Ƙwayar da za ka saya

Garin da ke narkewa nan take, irin su Nescafé, ba na wannan buta ba ne. Shi an riga an dafa shi an busar, babu abin da ya rage da za a jiƙa. Abin da za ka nema shi ne soyayyar ƙwayar gahawa, ko dai gudanta, ko wadda aka ɓarza domin irin wannan buta.

Iri biyu ne suka cika kasuwa. Arabika, wadda asalinta daga Habasha take, ta fi ƙamshi da laushi a baki, kuma tana son tudu mai sanyi, shi ya sa ake noman ta a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba da kuma tsaunukan yammacin Kamaru. Robusta ta fi ɗaci da kauri, sinadarin kafin da ke hana barci kuma ya kusa ninka na arabika a cikinta. Ga mai farawa, arabika mai matsakaiciyar suya nake ba shi shawara ya saya. Wadda aka soya ta yi baƙi ƙirin har tana maiƙo takan kawo ɗaci da ƙauri in aka jiƙa ta minti da yawa, wadda aka soya sama-sama kuwa takan yi ɗan tsami-tsami kamar na 'ya'yan itace, wanda ba kowane harshe ne ke karɓar sa da farko ba.

Ka duba ranar da aka soya ta in an rubuta a jikin leda. Makonnin farko bayan suya su ne ganiyarta. Kada ka sayi mai yawa don araha, ka sayi abin da za ka shanye cikin wata guda. Ka ajiye ta a mazubi mai rufuwa ruf, wanda haske ba ya shiga, nesa da murhu, nesa da daddawa da yaji da turaren wuta, domin gahawa tana zuƙar warin duk abin da ta kwana kusa da shi. Firji ma ba wurinta ba ne, musamman inda wuta take zuwa tana ɗaukewa: duk buɗewa sai raɓa ta sauka a kanta.

Ɓarzawa

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Gahawar wannan buta ɓarza ta ake yi. Ka tuna tsakin masara da ake fate ko dambu da shi, irin matsakaicin, wanda in ka murza a yatsa kana jin kowace ƙwaya daban. Wannan shi ne girman da ake so. In ta yi laushi kamar garin tuwo, matsala biyu za ta kawo. Ta farko, garin zai ratsa ragar ya cika maka kofi da laka. Ta biyu, gari mai laushi yana sakin duk abin da ke cikinsa da wuri, mai daɗi da marar daɗi, sai ka sami ɗaci da bauri irin na ɗanyen goro. In kuma ta yi manya-manya da yawa, kamar an fasa ƙwayar gida biyu ko uku kawai, ruwa ba zai kai cikinta ba a minti huɗu, sai ta fito salam, da ɗan tsami marar daɗi a bayanta.

Injin da ya fi yin wannan aiki shi ne ɗan ƙaramin na hannu mai haƙora biyu da ke murƙushe ƙwayar a tsakaninsu, wanda ake iya matse shi ko a sassauta shi gwargwadon girman da ake so. Yana fitar da tsaki kusan kai ɗaya, kuma ba ya neman wuta. In kuɗinka na abu ɗaya ne, tsakanin buta mai tsada da wannan ɗan inji, ka sayi buta mai araha ka sa kuɗin a injin.

Mai bilanda kawai a gida ma zai iya, da dabara. Wuƙar bilanda sara take yi, sai wani ya zama ƙura wani ya tsaya guda. Kada ka kunna ta ka bar ta tana gudu. Ka taɓa ka saki, daƙiƙa biyu-biyu, kana girgiza kofin bilandar a tsakani, har ka ga babu manyan gutsattsari. Sannan ka zuba a rariyar tankaɗe mai laushi ka kaɗa, ƙurar ta fita, ka yi aiki da abin da ya tsaya a sama. Ƙaramin turmi ma yana yi, in dai an keɓe shi ga gahawa kaɗai, a daka a hankali kamar ana sussuka, a tankaɗe. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne kai ta injin unguwa da ake markaɗen tattasai da niƙan citta. Za ta dawo da laushi, da zafin inji, da ƙamshin abin da aka niƙa kafin ita.

Ka ɓarza iya wadda za ka sha a lokacin. Da zarar an fasa ƙwayar, ƙamshinta ya fara tafiya ke nan, wanda kake ji ya cika ɗakin girki shi ne wanda ba zai shiga kofinka ba. Wanda ya sayi ɓarzajjiya daga kanti ya tabbatar an rubuta cewa ta wannan buta ce, kuma ya yi ƙoƙarin shanye ta cikin mako biyu bayan buɗewa.

Awo

Ma'aunin da nake bi shi ne giram 60 na gahawa ga lita 1 ta ruwa, wato kashi 1 na gahawa ga kusan kashi 17 na ruwa. Rabin lita ke nan giram 30. Ledar fiya-wata ɗaya mililita 500 ce, don haka wanda ba shi da kofin awo ya sami ma'auni a sauƙaƙe: leda ɗaya, giram 30. Wannan zai ba mutum biyu kofi ɗaya-ɗaya madaidaici. Kada ka yi mamaki in abin da ya fito bai kai rabin litar ba, domin garin yana riƙe ruwa kusan ninki biyu na nauyinsa, giram 30 zai shanye kusan mililita 60.

Ƙaramin sikelin ɗakin girki ya fi cokali gaskiya, domin ƙwayar da ta soyu sosai ba ta da nauyi kamar wadda aka soya sama-sama, sai cokali ɗaya ya ba ka nauyi biyu. Amma in babu sikeli, cokalin cin abinci biyar masu tozo sun kusa giram 30. Ka riƙe cokali ɗaya kullum, ka riƙa cika shi iri ɗaya, don in ka gyara wani abu gobe ka san abin da ka gyara.

Akwai wani abu da ke ruɗar masu saye. Butar da aka rubuta wa kofi 8 a kwalinta lita 1 ce kawai, domin ƙananan kofunan Turawa suke ƙirgawa, kowane kusan mililita 125. Da irin kofunan shayinmu, mutum uku ko huɗu za ta shayar. Mai kofi 3 kuwa mililita 350 ce, ta mutum ɗaya.

Ruwa

Kusan duk abin da ke cikin kofinka ruwa ne, don haka ruwan da ba ka jin daɗin shan sa haka nan ba zai ba ka gahawa mai daɗi ba. Ruwan burtsatse mai zartsi ko mai barin farin dutse a gindin buta yana kashe ɗanɗano, na famfo mai warin magani kuma yana biyo ta har cikin kofi. In naka haka yake, ka yi amfani da wanda ka tace ko na leda mai kyau.

Zafin da ake so yana tsakanin digiri 92 zuwa 96 a ma'aunin Salshiyos. Ba sai ka sayi ma'aunin zafi ba. Ka bari ruwan ya tafasa sosai, ka sauke, ka ƙirga daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, shi ke nan. Gahawa mai baƙar suya tana son a ɗan ƙara jinkiri, mai suya sama-sama kuwa tana son ruwan da zafinsa. Wurin da kake zaune ma yana da ta cewa: gwargwadon tudun gari, gwargwadon saurin tafasar ruwa kafin ya kai digiri 100. A Kano kusan a 98 yake tafasa. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200, a wajen 96 yake tafasa, don haka mutumin Jos ba ya buƙatar jira, daga wuta sai buta.

Haɗawar kanta

Ka ɗora ruwa fiye da wanda kake buƙata, saboda ɗauraya. Yana kan wuta ka auna gahawarka ka ɓarza.

Da ya tafasa, ka fara zuba kaɗan a cikin butar babu komai, ka jujjuya ya zaga jikinta, ka zuba a kofunan da za a sha da su don su ma su ɗumama, sannan ka zubar. Mutane suna raina wannan mataki, amma da sanyin hunturu gilashi mai sanyi yana kwashe zafin ruwa nan da nan, jiƙon ya tafi a ruwan da bai kai ba. Ɗumamawar kuma tana rage wa gilashin haɗarin tsagewa.

Ka zuba garin a gindin butar, ka ɗan girgiza ya baje. Ka kunna agogon wayarka, ka fara zuba ruwan kana zagayawa don ko'ina ya jiƙe, har ka kai adadin da ka auna. Ka bar sarari kamar faɗin yatsu biyu a sama saboda faifan. In gahawar sabuwar suya ce za ka ga ta kumburo tana kumfa. Iskar da suya ta tara a cikin ƙwayar ce ke fita, kuma alama ce mai kyau. Wadda ta kwanta shiru ba ta motsa ba kuwa, ta tsufa. Wasu sukan fara zuba ruwa kaɗan, ninki biyu na nauyin garin, su jira daƙiƙa 30 kafin su cika. Na gwada duka biyun, a wannan buta ban ji bambancin da ya kai a wahala ba, tunda garin zai zauna cikin ruwa ko ta yaya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a bar busasshen gudaji. In ka hango wani, ka nutsar da shi da cokalin katako ko na roba. Na ƙarfe in ya bugi gilashi mai zafi yana iya barin tsaga da ido ba ya gani sai ranar da ta buɗe.

Ka ɗora murfin da sandar a ɗage, faifan yana sama da ruwan bai taɓa shi ba. Da sanyi ka lulluɓe butar da tsumma mai tsabta. Ka bar ta minti 4. Kada ka motsa, kada ka leƙa.

Minti huɗu na cika, ka buɗe. Za ka tarar garin ya taso ya yi ɓawo a saman ruwan. Ka sa cokali ka fasa ɓawon, ka juya sau biyu ko uku a hankali. Ka matso da hancinka a wannan lokacin, domin ƙamshin da ke tashi daga ƙarƙashin ɓawon nan babu irinsa a duk aikin. Yawancin garin zai nutse da kansa. Kumfar da ta rage da 'yan ɓarɓashin da ke yawo a sama ka kwashe su da cokali ka zubar, su ne ke kawo ƙaiƙayi a maƙogwaro.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai sauri zai mayar da murfi ya danna yanzu, kuma zai sami gahawa mai kyau, mai kauri, da 'yar laka a gindin kofi. Ni kuwa nakan ƙara mata minti 5, wani lokaci har 7, ba tare da na taɓa ta ba. Wannan hanya James Hoffmann, Baturen Ingila da ya ci gasar duniya ta masu haɗa gahawa a 2007, shi ya yayata ta, kuma dalilinta a fili yake ga duk wanda ya taɓa barin ƙullun koko ya kwanta. Ƙurar da ke yawo cikin ruwan tana sauka ƙasa sannu a hankali, ruwan sama ya tsaya garau. Tsoron da mutane ke yi shi ne za ta yi ɗaci in ta daɗe. Ba ta yi, domin garin ya riga ya kwanta a gindi, ruwan kuma yana hucewa, jiƙon ya ragu ƙwarai. Ga shi kuma a minti huɗu ta yi zafin da ba ta shawuwa, sai ka ga jiran bai ci maka komai ba.

Yanzu sai dannawa. Ka ajiye butar a kan tebur mai ƙwari, ka juya murfin yadda ramukansa za su fuskanci bakin zubawa, ka juya bakin ya kalli wani gefe, ba jikinka ba. Hannu ɗaya ya riƙe mariƙi da murfi, ɗaya ya sauke sandar a miƙe, a hankali, nauyin hannu kawai, cikin daƙiƙa 20 zuwa 30. In ka bi hanyar ƙarin jira, ba sai ka kai ta ƙasa ba ma. Ka sauke faifan ya nutse kaɗan ƙarƙashin ruwan ka tsaya, domin kai shi gindi zai tayar da lakar da ka ɓata lokaci kana jira ta kwanta.

In sandar ta cije ta ƙi sauka, kada ka sa ƙarfi. Ina roƙonka da wannan. Ruwa mai zafi yana iya tsartuwa ta baki ya ƙona hannu ko fuska, gilashin ma yana iya fashewa. Ka ɗan ja ta sama, ka jira kaɗan, ka sake saukewa. Cijewar tana gaya maka garin ya yi laushi da yawa, gobe ka ɓarza da girma. In kuma ta zurma ƙasa babu wata turjiya ko kaɗan, ya yi girma da yawa, ko kuma ragar ta saki jikin butar.

Ka tsiyaya a hankali, kada ka kifa butar gaba ɗaya. Ruwan ƙarshe, kamar cokali uku ko huɗu, ka bar shi a ciki, laka ce. In ba za a shanye duka a take ba, ka juye sauran a filas da ka ɗumama. Barin ta a kan garin rabin awa ko awa guda yana sa ta bauri, ɗora butar a kan wuta don a sake ɗumamawa kuwa ba a yi sam, ko ta gilashi ce ko ta ƙarfe.

Ka fara kurɓa kafin ka sa komai, ko da sau ɗaya ne, don ka san abin da ka haɗa. Bayan haka madara da sukari ko zuma ra'ayinka ne. Masu son kayan ƙamshi su zuba dakakkiyar busasshiyar citta kaɗan, ko kanumfari ƙwaya biyu, ko ɗan ɓallin kirfa, tare da garin tun farko, ragar za ta tsare su. Wanda ya taɓa shan jabana a Sudan ya san yadda citta ke zama da gahawa.

In ba ta yi daɗi ba

Harshenka zai gaya maka inda aka kuskure. Ɗaci mai kama maƙogwaro da bauri suna nufin an ja da yawa daga garin: ka ƙara girman ɓarzar, ko ka bar ruwan ya ɗan ƙara hucewa. Tsami mai kaifi tare da rashin jiki yana nufin ba a ja isasshe ba: ka ɗan rage girman ɓarzar, ka tabbatar ruwan da zafinsa, ko ka ƙara minti ɗaya kafin fasa ɓawo. In ɗanɗanon daidai ne amma ta yi ruwa-ruwa, ƙarin gari take so, ka koma giram 33 ko 35 ga rabin lita. In ta yi ƙarfi da yawa, ka tsarma ruwan zafi a kofi, babu laifi. In kuwa ba ɗaci ba tsami, lami kawai kamar an jiƙa kwali, ƙwayar ce ta tsufa, kuma babu dabarar da za ta dawo da ita.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a rana. Wanda ya canza girman gari da zafin ruwa da lokaci a tashi ɗaya, ko ta yi daɗi ba zai san wanne ne ya gyara ta ba, jibi kuma ya kasa maimaitawa.

Wanki

Sau da yawa laifin da ake ɗora wa gahawa na buta ne. Gahawa tana da mai, man yana maƙalewa a raga, in ya kwana biyu ya yi ɗoyi ya ɓata duk wadda aka haɗa bayansa. Kada ka zuba tuƙar a magudanar wanke-wanke, tana toshe bututu. Ka zuba ɗan ruwa a butar, ka jujjuya, ka juye a rariya, ka kai tuƙar juji ko ramin taki. Sannan ka zuba ruwan ɗumi da ɗan sabulu marar turare, ka yi ta ɗaga sandar kana saukewa sau da yawa, ka ɗauraye sosai.

Sau ɗaya a mako ka kwance gindin sandar. Abu uku za ka gani: faifai mai kama da giciye a ƙasa, raga a tsakiya, da faifai mai zoben waya a sama, wanda shi ke tura gefen ragar ta kama jikin butar. Ka wanke kowanne da tsohon buroshin haƙori da ka keɓe, ka shanya su bushe, ka mayar yadda ka same su. In gefen ragar ya lanƙwashe ko ya fara zarewa, ana sayar da ita daban, ba sai an sayi sabuwar buta ba. Gida mai yara ko mai yawan tafiye-tafiye, buta ta ƙarfe mai bango biyu ta fi masa, ba ta fashewa kuma tana riƙe zafi.

Maganar lafiya

Wannan ba zan tsallake shi ba. Man da ke ba gahawar wannan buta kauri da daɗi yana ɗauke da wasu sinadarai biyu, kafestol da kahweol, waɗanda ke ɗaga kolestarol a jini in ana sha da yawa kullum. Takardar tacewa tana tsare mafi yawansu, ragar ƙarfe kuwa ba ta tsarewa. Wanda likita ya gaya masa kitsen jininsa ya hau ya rage, ko ya sake tace ta da takarda bayan ya tsiyaya, kuma ya yi maganar da likitansa.

Game da sinadarin kafin, hukumomin kula da abinci na Turai da Amurka sun sa miligiram 400 a rana a matsayin iyakar baligi mai lafiya, wato kusan kofi uku zuwa huɗu. Ga mai juna biyu, shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada ta wuce 200. Mai hawan jini, ko bugun zuciya, ko gyambon ciki ya bi a hankali. Sinadarin kafin yana daɗewa a jiki, bayan kusan awa biyar rabinsa na nan, don haka wanda barci ke yi wa wuya ya tsaya daga azahar, kada ya kai la'asar.

Ta sanyi, don bazara

In zafin Maris da Afrilu ya sauka har mutum ba ya son ganin tururi, butar nan tana da wani aikin. Ka zuba giram 60 na ɓarzajjiyar gahawa, ka zuba ruwan sanyi rabin lita, ka juya ko'ina ya jiƙe, ka rufe da sandar a ɗage ka sa a firji awa 12 zuwa 16. In ka haɗa bayan isha'i, da hantsi ta yi. Ka danna a hankali, ka tsiyaye a kwalba mai tsabta. Abin da zai fito mai ƙarfi ne, sai an sirka shi da ruwa ko madara, rabi da rabi, a jefa ƙanƙara. Ɗacinta kaɗan ne, ga wani zaƙi-zaƙi da ta zafi ba ta da shi. In wuta ba ta zama a unguwarku, ka haɗa kaɗan, ka sa butar cikin kula da ƙanƙara, ka shanye a ranar da ka tace.